Shekarar da Aka Yi wa Sale Dubiya

Na san abin da kuka ji. Ba a gabana ake faɗa ba, amma gidan biki da gidan makoki ba su da murfi, ku kuma ba kurame ba ne. Kun ji an ce ubanku ne ya kashe wa ƙanensa rayuwa, ya ɗauko wata na'urar Turawa ya laƙaba masa ciwon da ba shi da shi, don kada ya sa kakin soja ya fi shi suna a garinmu Taba. Ke Bilki, da kika dawo daga sadakar bakwai ta Baffanku Sale kin daɗe ba ki iya haɗa ido da ni ba, kina tsammanin ban lura ba. Na lura. To ga shi zan rubuta yadda abin ya faru, domin ku da 'ya'yan Sale baki ɗaya, don in na tafi babu wanda ya rage da ya ga farkon maganar. Ba wanke ni nake so ku yi ba. So nake ku san abin da aka ce, da wanda ya ce, da inda aka faɗe shi.

A shekarar ina koyar da wasanni a wata sakandare a Ikara, sai aka ba ni hutun ƙaro karatu na koma jami'a a Zariya neman digiri na biyu. Abin da na je karantawa shi ne kimiyyar motsin jikin ɗan Adam, a cikinta kuma na zaɓi reshen da ke duba abin da zuciya da huhu da tsoka suke yi sa'ad da mutum ke aikin ƙarfi: me ya sa wani yake haki a gona tun a kunyar farko, wani kuma ya wuni yana huɗa yana waƙa. A wurina babu ilimin da ya kai wannan daɗi, har gobe. A gidanmu kuwa abin dariya ne. Ranar da na je sallama, kakanku, Baba, ya saurare ni har na gama dogon bayanina, sannan ya gyara zama a kan buzunsa.

"Wato dai har yanzu gudun ne ba ka gama koyo ba?"

"Ba gudu ba ne, Baba. Abin da ke faruwa a cikin jiki ne in ana gudun."

"To, Allah ya ba da sa'a. Sale dai bai je ko'ina ba, kuma ban ga wanda ya taɓa kama shi ba."

Inna tana bakin murhu ta ce a ƙyale Maiboko da abinsa. Haka take kirana, don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

Ku kun san Baffanku da tumbi, yana zaune a kan benci a bakin tashar Ikara, magana ɗaya sai an roƙa. Dole in gaya muku wanda ba ku sani ba. Sale dogo ne, siriri, ba ya iya tafiya a hankali ko da masallaci za shi. In an yi gayya shi makaɗa suke bi, don kafin sauran samari su kai tsakiyar gona ya juyo. Ranar kasuwar Makarfi yakan je lodin rake, ba don babu ba, sai don jikinsa ba ya son zama. Ga dariya, ga tsokana. Inna kan ce in Sale ba ya gida har kaji sun sani. Abu biyu ne a ransa: soja, da wata yarinya a Gazara mai suna Hajara, wadda an riga an kai kayan sa rana gidansu. An shirya in an gama kaka ya je wurin ɗaukar soja, in ya fito daga horo a ɗaura aure. Masu cewa hassada na yi masa, su tambayi wanda ya saya masa takalmin gudunsa na farko, wanda kuma yake bin sa a kan keke da agogo a hannu duk ƙarshen mako. Ina ji da yaron nan fiye da yadda nake ji da kaina.

Jin da nake da shi ne ma ya kai shi ɗakin gwajin. Bincikena shi ne in gwada juriyar samarin ƙauye masu noma da ta ɗaliban birni, don haka na tara samari daga Taba da kewaye na cika bas da su muka nufi Zariya. A ɗakin akwai keke da aka kafe a ƙasa, ba ya zuwa ko'ina. Mutum ya hau ya yi ta tuƙi ana ƙara masa nauyi a hankali, an manna masa wayoyi a ƙirji, wata na'ura tana zana bugun zuciyarsa a kan doguwar takarda. Samari suka yi ta shewa, wai ga keken da ba ya kai mutum kasuwa. Na ajiye Sale a ƙarshe da gangan, don in ga fuskar malamina in ya ga abin da ƙanena zai yi. Malamin nan dattijo ne mai ƙarancin magana, Farfesa kawai muke ce masa. Sale ya hau yana murmushi, ya fara tuƙi, ko gumi bai tsattsafo masa ba sai na ga Farfesa ya ɗauki takardar ya kawo ta kusa da tabarau. Ya daɗe yana dubawa. Ya sa abin sauraron ƙirji ya saurara, ya sa shi ya tashi tsaye ya sake saurara.

"Sauko, ɗana."

"Ranka ya daɗe, ai ban fara ba."

"Na sani. Sauko."

Ya tura mu wurin likitan zuciya a babban asibiti. Can aka shafa wa Sale wani abu mai sanyi a ƙirji, aka nuna mana zuciyarsa tana motsi a kan allo. Likitan ya nuna bangon da ke raba ɗakunan zuciyar ya ce ya yi kauri fiye da yadda ya kamata, kuma da shi aka haife shi. Ya ce irin wannan zuciyar tana iya kai mutum tsufa ba ta taɓa yi masa gardama ba, tana kuma iya tsayawa rana ɗaya a tsakiyar gudu ba sallama. Ya ce noma daidai gwargwado babu laifi, tafiya babu laifi, aure da haihuwa babu laifi. Abin da bai yarda da shi ba shi ne inda za a tura jiki har ƙarshen ƙarfinsa, kamar horon soja ko tsere ko rigegeniyar gayya. Sannan ya tambaya ko a danginmu an taɓa samun wanda ya faɗi ya mutu da ƙuruciya ba tare da jinya ba. Sale ya yi wuf ya ce babu. Ba ƙarya ya yi ba, yana goye lokacin. Ni kuwa ina gefen gonar ranar da Baffa Iro, ƙanen Baba, ya kife a kan garmarsa a tsakiyar gayya, makaɗa ba su ma lura ba suna ta kirarinsa. Mutane suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. Na buɗe baki na ce wa likita akwai.

A hanyar komawa muka sauka Makarfi don canza mota. Muka zauna a inuwar rumfar masu rake, ya sayi sanda ɗaya ya karya ya miƙa mini rabi, shi bai sha nasa ba.

"Yaya, maganar nan ta tsaya tsakanina da kai."

"Sale, ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Cewa ya yi tana iya tsayawa, tana iya ƙin tsayawa. Wace zuciya ce ba haka take ba? Taka an ba ka takardar cewa za ta kai gobe?"

"Ba ɗaya ba ne."

"Can wurin ɗaukar soja ba su da wannan injin naku. Gudu za su ce a yi, in yi. Ƙirji za su auna, su auna. Don girman Allah, Yaya, ka bar ni da Ubangijina."

Ban yi masa alkawari ba, ban kuma ce a'a ba. Shi ya ɗauki shiruna a matsayin alkawari, kuma ban ga laifinsa ba.

Na ɗauki maganar nan a cikina har dawa ta nuna. Duk ƙarshen mako in na zo gida sai in tarar ya ƙara nisan gudunsa, yana fita hanyar Kudan da sassafe yana dawowa jiƙe sharkaf. Na daina bin sa da keke. Tsayawa nake yi a ƙofar gida, in ya ɓace a kwana sai in kafa wa hanyar ido har sai na hango shi yana dawowa. Na same shi shi kaɗai ba sau ɗaya ba, na lallaɓa, na yi faɗa, na zana masa zuciya a ƙasa da tsinke. Sai ya yi dariya ya ce Yaya ka cika tsoro. Na koma wa Farfesa na tambaye shi abin da zan yi. Ya ce a ƙa'idar aikinmu jikin mutum sirrinsa ne, ba a kai wa kowa sai da yardarsa.

"To amma ƙanena ne, ranka ya daɗe."

"Littafin ƙa'idar bai ce komai a kan ƙane ba."

Ku sa kanku a wurina. In na yi shiru ya tafi, aka kawo mana shi a makara, da wane ido zan dubi Inna, alhali na ga abin a kan allo da idona? In na faɗa, na ci amanarsa. Na auna, na auna, na ga cin amana ana iya gyara shi, mutuwa kuwa ba a gyara ta. Haka na gani a lokacin, kuma duk wanda ya ce shi da ya ga wani abu dabam, bai tsaya a ƙofar gidan nan ba. Wata rana bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai a zaure na gaya masa komai. Na yi a hankali, na maimaita cewa ba rashin lafiya ba ne, soja ne kawai bai dace da shi ba. Baba bai yi tambaya ko ɗaya ba. Carbin da ke hannunsa ya tsaya, ya dubi bango, ya ce, "Iro." Sannan ya aika a kira Sale.

"Babu soja," in ji shi. "In ka sa ƙafa ka tafi, ban yafe ba."

Sale yana durƙushe. Bai dubi Baba ba, ni ya duba. Na fita daga zauren ina ce wa kaina shi ke nan, zai yi fushi wata ɗaya ko biyu, ya huce, ya yi aurensa, ya yi nomansa. Ashe ban san garinmu ba, duk da a nan aka binne cibiyata.

Baba ya gaya wa Inna, don ba zai ɓoye mata ba. Inna ta ɗora hannu a ka ta yi salati, maƙwabta suka ji. Gwaggo Ladi, yayar Baba, ta iso kafin magariba. Kun san al'adarmu: in aka ce wane ba shi da lafiya ba ka je dubiya ba, ka yi abin da za a riƙe ka da shi har jikoki. Don haka kashegari garin ya taso. Mata da kwanukan kunu da fura, maza da goro da addu'a. Mai dubiya kuwa dole ya tarar da wanda ya zo dubawa, don haka aka tare Sale yana dawowa daga rijiya da bokiti biyu, aka karɓe su daga hannunsa, aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Inna har da matashi. Saurayi, lafiyayye, wanda jiya ya yi gudu har Kudan ya dawo, ga shi zaune ana shigowa layi-layi.

"Sannu, Sale. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Me zai ce? Dattijuwa ta tako da sanda daga ƙarshen gari ta ce maka ya jiki, ba ka da wata amsa sai da sauƙi. Ya faɗa, ya sake faɗa, ya wuni yana faɗa. Ranar Juma'a liman ya sa shi a addu'ar marasa lafiya. Baffannin Hajara suka zo daga Gazara da kaji, kamar yadda ya kamaci surukai, suka tarar da shi a kan tabarmar da ƙoƙon rubutu a gefensa. Ni kuwa ina tsakar gida kamar mahaukaci ina cewa lafiyarsa lau, a bar shi ya tashi. Gwaggo Ladi ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da bakinka ka ce zuciyarsa. Yanzu kuma za ka hana mutane zumunci? Bokon ne ya ce kada a gai da mara lafiya?"

Na koma wa Baba na ce ya tsayar da abin nan, likita ya ce yaro zai iya noma, zai iya komai in ban da soja. Baba ya girgiza kai.

"In lafiyarsa lau, me ya hana shi soja? In kuwa ba lau ba, me zai kai shi gona? Na binne Iro, ba zan binne wannan ba."

A jami'a an koya mini cewa tsakanin lafiya da ciwo akwai fili mai faɗi, kuma yawancin mutane a cikinsa suke rayuwa. A Taba babu wannan filin. Ko kana tsaye ko kana kwance. Sale ya gudu daga tabarma bayan 'yan kwanaki ya tafi fadama, maza suka taso suka karɓe fartanya daga hannunsa, suna cewa ajiye, ajiye, mu za mu yi maka. Ya je Makarfi lodin rake, direbobi suka ce Allah ya ba shi lafiya amma ba a motarsu ba. Ya je filin ƙwallo, yara suka ɗauke ƙwallon suka tsaya suna kallonsa. In ya ɗaga buhu wani ya rugo, in ya yi sauri wata tsohuwa ta ce a hankali, ɗan nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Da ƙiyayya ce da na san da wanda zan yi faɗa. Ƙauna ce tsagwaronta, kowa yana tsoron kada ya faɗi a gabansa, suka haɗu suka zaunar da shi.

Kafin a gama sussuka aka dawo da kayan sa rana daga Gazara. Na hau babur na je da kaina na sami mahaifin Hajara. Mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama fura, ya saurari duk abin da likita ya ce har ƙarshe.

"Malam, ba ƙinsa muke yi ba. Yaron nan babu wanda ba ya sonsa. Amma kai mai ilimi ne, zan tambaye ka abu ɗaya. Za ka iya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗi ba?"

"Baba, wannan ai babu mai iya rantsewa a kan kowa."

"A kan kowa ba a ce komai ba. A kansa an ce. Ba ni da zuciyar kai yarinya inda za ta shiga takaba da lalle a hannu."

Na sha furar don kada in yi rashin ladabi, na hau babur na dawo. A ranar na gane magana zarar bunu ce, kuma wanda ya zare ba shi ke da ikon mayarwa ba.

Lokacin ɗaukar soja ya zo ya wuce. Abokansa biyu suka tafi, ɗaya ya dawo da kaki ana ta zuwa kallonsa, alhali a gudu Sale yana ba shi rata ya kama shi. Hajara ta auri wani a Makarfi. Baba ya nema wa Sale rumfa a bakin tashar Ikara, sana'ar zaune, sabulu da sukari da ashana, ya ce nan babu wahala. Sale bai yi musu ba. Dariyar nan ta ɗauke, tsokanar ta ɗauke. Ni kuma bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa fasa gaishe ni ba. In na zo zai tashi, ya rusuna, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, duk yadda ƙane ke gai da wa. In gaisuwa ta ƙare sai ya koma ya zauna ya dubi titi. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Daga baya ya auri mahaifiyarku, ku 'ya'yansa, wadda ta karɓe shi da duk abin da ake faɗa a kansa, Allah ya saka mata da alheri.

Na gama digirina. An cire takardar Sale daga binciken don bai kammala gwajin ba, don haka in kun buɗe kundin nan da ke kan kantata ba za ku ga alamarsa ba. Na koma koyarwa, daga baya na koma kwalejin horar da malamai, na yi shekaru ina tsayawa gaban aji ina cewa motsi magani ne, zama kuwa yana kashe mutum a hankali. Ɗalibai suna rubutawa, suna cin jarrabawa da shi. Ƙanena yana kan benci a Ikara, wuyansa yana kauri, ƙafafunsa suna kumbura, yana shan shayi da sukari daga safe har yamma don babu abin yi. Wata rana na kasa daurewa, bayan gaisuwa na ƙi tafiya.

"Sale, da za ka riƙa ɗan takawa da safe. Ko daga nan zuwa bakin kasuwa. Zaman nan ba shi da kyau."

Ya dube ni ba fushi ba murmushi.

"Yanzu kuma tafiya? Yaya, ka tsayar da magana ɗaya mana."

Da shekaru suka tura Sale bai faɗi ba, sai magana ta juya. Waɗanda suka karɓe masa fartanya su ne suka fara cewa anya kuwa? Ga mutum yana ci yana sha, ya haifi 'ya'ya, ina ciwon? Daga anya aka koma ai dama, daga ai dama aka koma hassada ce, ɗan boko ya ga ƙanensa zai fi shi. Amma ko a lokacin babu wanda ya miƙa masa fartanyar. Sun riƙe duka biyun, cewa ni maƙaryaci ne da cewa shi majinyaci ne, ba su ga sun yi karo ba. Baba ya rasu yana ganin ya ceci ɗansa. Inna ta rasu tana ce masa ya bi a hankali. Ni kaɗai aka bari da sanin cewa irin aikina ba shi da shaida: in ka hana mutum faɗuwa, babu wanda zai taɓa ganin faɗuwar da ka hana, kai ma ba za ka gani ba.

Ciwon suga ne ya kama shi, kun sani. Ya ci ƙafar hagu har likitoci suka ce sai an yanke. Kafin aikin wani matashin likita ya duba zuciyarsa da irin na'urar nan, sabuwa, ya kira ni gefe don an ce masa ni ne wansa. Ya ce bangon zuciyar yana da kauri, da alama tun haihuwa, ko an taɓa gaya mana? Na ce an taɓa. Ya ce to, amma tana aikinta. Na ji wani ɗan sanyi a raina cewa ga wanda bai san mu ba ya ga abin da muka gani, ban yi ƙarya ba. Sanyin bai raka ni har ƙofar ɗakin da yake kwance ba. Ku 'ya'yansa kuna iya zuwa ku tambaya, yana cikin bayanan asibitin.

Bayan an yi aikin ciwon bai tsaya ba. Wata rana da azahar na je, na gaishe shi, ya amsa, na juya zan fita kamar kullum. Sai ya ce wa matarsa ta je ta nemo ruwan zafi. Da ta fita ya nuna mini bakin gado.

"Yaya, zauna."

Na zauna. Tun ranar rumfar rake a Makarfi bai ce mini zauna ba. Fuskar ta faɗa, sai idanun nan kawai, amma jikin yana nan da nauyinsa. Zanin da aka rufa masa ya kwanta shafe a inda ƙafar take a da, na yi ta ƙoƙarin kada in duba wurin.

"Tambaya zan yi maka, kuma kada ka yi mini bayani. Na ji bayani ya ishe ni. Da na je sojan nan, da na mutu?"

Na yi shekaru ina shirya wa wannan tambayar amsa. Ina da Baffa Iro, ina da likita na farko, ina da na biyu, ina da duk abin da na karanta na koyar. Na duba cikinsu ban sami ko ɗaya da zan iya miƙa wa mutumin da ke kwance a gabana ba.

"Ban sani ba, Sale."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani.

"Ni ma ban sani ba. Kullum ina kan bencin nan ina tambayar kaina, mota ta shigo, mota ta fita. Ka san abin da ya fi ciwo? Ba sojan ba ne, ba kuma Hajara ba. Da na je na faɗi, da an ce Sale ya mutu yana gudu. Yanzu me za a ce?"

Na ce za a ce mutumin kirki ne, ya riƙe iyalinsa, bai ci haƙƙin kowa ba. Duk gaskiya ne, amma shi da ni mun san ba abin da ya tambaya ke nan ba. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, hannu mai laushi, babu kanta ko ɗaya, hannun da ba na manomi ba.

"Na san don ni ka yi, Yaya. Ban taɓa yarda da masu cewa hassada ba. Na yafe maka tun Baba yana da rai, faɗa ne ban iya ba. Amma rayuwata ce. Da ka bar ni na je na gano da kaina."

Matarsa ta dawo da ruwan zafin, ya janye hannunsa, ya ce in gai da gida. Bai kai Juma'a ba. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabarin na karɓe shi, kuma sai da muka haɗu mu huɗu kafin muka iya sauke shi, yaron da a da ƙasa ba ta jin takunsa.